Ciwon Baya da Wuya a Tsakanin Manoma: Abin Lura Daga Gonakin Kwandere

Gabatarwa

Kwandere gari ne na Gwandara da ke kusa da Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa. Mutanen nesa sun fi jin sunansa saboda filin jirgin saman da aka buɗe a can a shekarar 2022, amma abin da ke riƙe da yawancin gidajen garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi noma ne: doya, rogo, riɗi, agushi, gyaɗa, masara, da shinkafa a fadamu. Galibin wannan aiki da garma da fartanya da adda ake yin sa, a sunkuye, sannan kai da kafaɗa ne ke fito da amfanin daga gona zuwa bakin hanya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka zauna da manoman wannan yanki da yamma a ji kukan ciwon kwankwaso da na wuya ya fi na kowace cuta yawa, in ban da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya sa wannan al'amari ya shafi malamin gona kai tsaye shi ne lokacin da ciwon ke zuwa. Ba kasafai yake kama manomi da rani, sa'ad da aiki ya yi sauƙi ba. Yakan taso ne a tsakiyar tayar da tudun doya, ko a noman farko, ko ranar da ake tuge rogo, wato daidai lokacin da kwana bakwai a kwance ke nufin ciyawa ta rufe shuka, ko ƙasa ta bushe ta ƙi karɓar garma, ko kuma a ci bashi a biya 'yan ƙwadago. Ingantaccen iri da taki ba za su amfana wa mutumin da ya kasa miƙewa komai ba.

Matsalar ba ta tsaya ga Nasarawa kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso a duniya, kuma shi ne kan gaba a cikin abubuwan da ke hana mutane aiki. Wani bincike da aka buga a 2005 a kan ƙananan manoma a kudu maso yammacin Nijeriya ya samu cewa fiye da bakwai cikin kowane goma sun yi ciwon kwankwaso a cikin shekara guda. Irin kayan aikin da waɗancan manoma ke riƙewa shi ne irin wanda ake riƙewa a Kwandere.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora wani kan wani. Bakwai suna wuya, 12 suna gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar suna kwankwaso, sauran tara kuma sun haɗe a ƙasa a tsakanin ƙasusuwan ƙugu. A tsakanin mafi yawansu akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a gefe da taushi a tsakiya, wanda aikinsa shi ne ya shanye nauyi da jijjiga, kamar yadda gammo ke yi tsakanin kai da kaya. Ta cikin wannan jeri laka ke bi, daga gare ta kuma jijiyoyi ke rassa zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Tsoka da jijiyoyin ɗauri su ne ke riƙe da ginin gaba ɗaya.

Wurare biyu sun fi shan wahala. Na farko shi ne ƙasan kwankwaso, inda nauyin rabin jiki na sama ke sauka duk sa'ad da mutum ya sunkuya. Na biyu shi ne wuya, wanda ƙasusuwansa ƙanana ne, an yi su ne domin juyawa da ɗaukar kai mai nauyin kilo biyar ko kusa da haka.

A shekarar 1999 wasu masana a Jamus sun sa ma'auni a cikin faifan kwankwason wani mutum mai rai, suka auna matsin da ke sauka a kansa. Da ya ɗaga kaya mai kilo 20 a sunkuye, bayansa a lanƙwashe, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya durƙusa da gwiwa ya ɗaga, matsin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Da ya riƙe kayan a manne da jikinsa, sai matsin ya koma ninki biyu kacal. Mutum ɗaya aka gwada, don haka bai kamata a ɗauki alƙaluman tamkar doka ba, amma darasin a fili yake: nisan kaya da jiki shi ne babban abin lura, har ma ya fi maganar durƙusawa da ake yawan nanatawa.

Lissafin tudun doya

Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Idan aka tayar da tudun doya a tazarar mita ɗaya tsakanin tudu da tudu, hekta guda tana cin tudu 10,000. Ko da mun ɗauka cewa sara takwas kacal ke tayar da tudu ɗaya, manomi zai sunkuya ya kafta, ya ɗago ƙasa, ya murɗa jiki ya zuba sau 80,000 kafin ya gama hektar. Garma kanta tana da nauyi, ƙasar da ke bakinta tana da nauyi, kuma nauyin yana can gaba, nesa da jiki, wato a yanayin da muka ga ya fi danne faifai. Sunkuyo da ɗagawa da murɗawa a lokaci guda su ne haɗin da kwankwaso ya fi ƙi.

A ƙasar Lafia ana yin wannan aiki ne ko dai a ƙarshen damina, wajen Oktoba da Nuwamba, tun ƙasa na da laima, ko kuma da faɗuwar ruwan farko a Maris da Afrilu. Na farkon ya fi sauƙi ga baya, domin ƙasa tana karɓar garma. Wanda ya yi jinkiri har ƙasa ta ƙeƙashe, kowace sara sai ta dawo masa da jijjiga har ƙeya. Na biyun kuma yana da nasa haɗari: jiki ya kwashe watanni bai yi aiki mai nauyi ba, ga zafin bazara, sai a faɗa wa gona ranar farko tun asuba har la'asar. Da yawa daga masu kwanciya a farkon damina a wannan mako na farko suke samun raunin.

Akwai kuma yadda ake biyan ƙwadago. Inda ake biya bisa yawan tuddan da mutum ya tayar, hutu asara ne a wurin lebura, saboda haka ba ya miƙewa sai dole. Haka nan a wurin gayya: kiɗa da kirari da idon jama'a kan sa saurayi ya wuce iyakarsa, ya yi a yini ɗaya aikin da ya kamata ya yi a biyu. Gayya al'ada ce mai albarka, babu mai cewa a bar ta, amma mai gayya da ya tsayar da aiki a sha ruwa a miƙe jiki bai rage komai daga abin da za a noma masa ba.

Bayan doya sai rogo. Tuge shi da hannu, musamman da rani, ɗagawa ce ta nauyin da ba a san iyakarsa ba: mutum na ja da dukan ƙarfinsa, sai saiwa ta tsinke ko ƙasa ta sake ba zato, ya ji wani abu ya tsarga masa a tsatso. Noman shinkafa da yankanta da lauje, da tsintar gyaɗa, da wanke agushi, ba su da nauyi sosai, amma suna riƙe mutum a sunkuye ko a tsugune sa'o'i, tsoka ta ƙage, jini ya rage zagayawa a cikinta. Injin feshi na goyo ma yana cikin lissafi. Mai lita 16 idan an cika shi yakan kusanci kilo 20, kuma idan hekta na cin lita 200 na ruwan magani, sai an cika shi sau 13, kowane karo a ɗaga shi daga ƙasa a saɓa a baya, sau da yawa da igiya ɗaya domin ɗayar ta tsinke.

Kaya a kai

Ciwon wuya ya fi zama rabon mata da yara, domin su ne ke dakon doya da itace da ruwa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, ban da nauyin robar, wato ninki biyar na nauyin kan da aka halicci wuya ya ɗauka. Kwanon doya cike kan wuce haka. Gaskiya ne cewa wadda ta saba ɗauka tun ƙuruciya tana tafiya a miƙe, kaya na zaune daidai a tsakar kanta, kuma wannan ya fi ratayawa a kafaɗa ɗaya. Sai dai wani bincike da aka yi a Gana a 1994 ya nuna cewa lalacewar faifai da gaɓoɓin wuya ta fi yawa a tsakanin masu dako da kai fiye da waɗanda ba sa yi. Alamarta ita ce wuya ya riƙe, ciwo ya hau ƙeya ko ya sauka kafaɗa, wani lokaci har yatsu su riƙa yin mayen-mayen kamar tururuwa na bi.

Haɗari mafi girma yana lokacin ɗorawa da saukewa, da kuma lokacin da ƙafa ta zame a kan kunya ko a bakin rafi, kaya ya fizgi wuya gefe guda. Don haka tsohuwar ɗabi'ar nan ta kiran wani ya taya ɗorawa ya taya saukewa tana da hikima, kada a bar ta don gaggawa. Ga mace mai ciki ko mai goyo nauyin biyu ne, domin jijiyoyin ɗaurin ƙugu kan yi laushi a lokacin ciki da watannin farko bayan haihuwa. Idan aka haɗa da daka, da shara da gajeriyar tsintsiya, da tuyar gari a kan 'yar kujera, sai a ga bayan mace bai huta ba tun daga asuba har dare.

Maza kuma buhu ke karya su. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, kuma ma'aunin da hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ke amfani da shi ya tsaya ne a kilo 23, shi ma idan komai ya daidaita. Buhun taki kilo 50 ne. Buhun masara ko na shanshera da ake cusawa har a yi masa hula yakan kai kilo 100. Wannan buhu an yi shi ne domin sauƙin lissafin ɗan kasuwa da mai mota, ba a yi shawara da bayan ɗan dako ba.

Wane irin ciwo ne?

Kusan tara cikin goma na ciwon kwankwaso irin wanda likita ba zai iya nuna wuri ɗaya ya ce ga abin da ya lalace ba ne. Gajiya ce ko ɗan rauni na tsoka da jijiyoyin ɗauri da ƙananan gaɓoɓi. Yana iya yin tsanani har mutum ya kasa ɗaura takalmi, amma tsananinsa ba ya nufin wani abu ya karye. Yawancinsa yakan yi sauƙi ƙwarai cikin mako biyu zuwa shida, ko da yake yana da halin dawowa. Irin wannan ba ya bukatar hoton ƙashi. Hasali ma idan aka ɗauki hoton mutane masu shekara 50 da ba sa jin ciwon komai, za a ga alamun tsufan faifai a jikin da yawa daga cikinsu, kamar yadda ake ganin furfura a kai. Mutum kan sayar da akuya ya yi hoto, a nuna masa abin da shekaru suka kawo, ya koma gida da fargabar da ta fi ciwon illa.

Kaso na biyu shi ne inda tsakiyar faifai ta bulluƙo ta danne jijiya. Alamarsa ciwo ne mai kama da wutar lantarki da ke tasowa daga ɗuwawu ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa har tafin ƙafa, galibi a ƙafa ɗaya, tari ko atishawa na ƙara shi. Shi ma mafi yawansa yakan lafa da kansa cikin wata uku ba tare da tiyata ba, amma yana bukatar ma'aikacin lafiya ya duba ƙarfin ƙafar. Ga dattawa kuma akwai amosanin gaɓoɓi da tsukewar hanyar laka: tafiya kaɗan ƙafafu su yi nauyi, sai an zauna ko an sunkuya a ji sauƙi. Tsofaffin mata da ƙashinsu ya yi rauni bayan ɗaukewar al'ada na iya samun tsagewar ƙashin baya daga ɗaga abu maras nauyi.

A nan ya kamata a taɓo maganar basir. A kasuwanninmu da tashoshin mota kusan duk mai tallar magani yakan haɗa ciwon baya da basir a kwalba ɗaya. Basir cuta ce ta jijiyoyin jini a bakin dubura, ba ta da hanyar da za ta bi ta kama ƙashin baya. Manomin da ya tayar da tudu 300 jiya, ya wayi gari kwankwasonsa a riƙe, garmarsa ce ta jawo masa, kuma maganin da ke sa gudawa sai dai ya ƙara masa rashin ruwa a jiki.

Alamomin da ba a kwana da su

Ɗan ƙaramin kaso na masu ciwon baya ko wuya suna ɗauke da cuta mai haɗari, kuma a nan ne sanin malamin gona zai iya ceton ƙafafun mutum ko ransa. Idan ciwon baya ya zo tare da kasa fitsari, ko fitsari da bayan gida na zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi da gaba ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafafu biyu na raunana, to jijiyoyin ƙasan laka ne suka matse. Wannan na sa'o'i ne, ba na kwanaki ba. A wuce da shi babban asibiti a ranar.

Idan ciwon ya daɗe yana ƙaruwa, ba ya lafawa ko a kwance, yana hana barci, ga rama, ga zazzaɓin yamma da gumin dare, a yi zargin tarin fuka na ƙashin baya, ko da babu tari. Cutar kan cinye ƙashi a hankali har wani ƙullutu ya fito a gadon baya, daga nan sai ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Tana warkewa idan an kama ta da wuri, maganinta kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, sai dai shansa yakan kai shekara guda, kuma ba a yankewa. Masu kiwo da mahauta da masu shan madarar da ba a tafasa ba su san cewa bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, tana kama mutum, kuma ciwon kwankwaso da zazzaɓi mai zuwa yana komawa na cikin alamunta. Ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da zafin fitsari na nuni ga ƙoda. Dattijon da fitsari ke masa wuya kuma baya ya matsa masa, a duba shi saboda ciwon dajin da ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, domin yakan bazu zuwa ƙashi. Mai amosanin jini, wato sikila, ciwon bayansa na asibiti ne. Wuya kuwa idan ya sandare farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, musamman da bazara, sanƙarau ake tsoro, ba a tsayawa shafa man zafi.

Sai faɗuwa. Wanda ya faɗo daga mangwaro ko ɗorawa ko bishiyar kwakwa, ko ya yi haɗarin babur, yana kukan wuya ko baya, a ɗauka ƙashin ya karye har sai likita ya ce a'a. Kada a zaunar da shi, kada a miƙar da shi tsaye don a gwada, kada a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai gaba ɗaya kamar gungume, ɗaya na riƙe da kai daidai da jiki, a tare gefen kan da tsumma, a nemi mota. Mutane da dama sun faɗo da lakarsu lafiya, a hanyar kai su ne ta yanke. Masu ɗorin gargajiya suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma ƙashin baya da na wuya ba wurin ja da murɗa ba ne. Daga Kwandere mafi kusa shi ne babban asibitin Lafia, wanda a da aka sani da sunan Dalhatu Araf. Akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, da Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano ga wanda aka tura can.

Haɗin kemis

Babban abin da ke mayar da ƙaramin ciwo babba a yau shi ne ƙullin ƙwayoyin da ake saye a shago ko a hannun mai talla da sunan maganin gajiya. Ƙulli ɗaya kan ƙunshi diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda duk dangi ɗaya ne, wani lokaci har da dexamethasone ko prednisolone. Shan biyu ko uku daga dangi ɗaya ba ya ƙara sauƙi, illar kawai yake ninkawa: gyambon ciki, aman jini ko baƙin bayan gida, hawan jini, da lalacewar ƙoda. Haɗarin ƙoda ya fi tsanani ga wanda ya sha su da safe cikinsa ba komai, ya yini cikin rana yana zuba gumi ba ya shan isasshen ruwa, wanda kuwa shi ne halin mai tayar da tudu.

Tramadol ya fi waɗannan muni. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe zafi na wannan dangi ba bisa umarnin likita ba a cikin shekara guda. Lebura na shansa ne don ya yi aikin mutum biyu. Ciwo kuwa ƙararrawa ce da jiki ke bugawa. Wanda ya toshe ta zai ci gaba da sara a kan raunin da ke buɗewa, ga jaraba da ke biyo baya, ga jijjiga irin ta farfaɗiya da kan kayar da mai sha a tsakiyar gona. Mai gonar da ke raba wa 'yan ƙwadago ƙwaya tare da abinci ya san cewa yana da kaso a alhakin abin da zai biyo baya.

Ga ciwon baya na yau da kullum, abin da ya dace shi ne magani guda ɗaya daga dangin ibuprofen, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki su nisance shi, su tsaya ga paracetamol. Gashi da tsumma mai ɗumi da tausa mai sauƙi suna taimakawa. Kada a kwanta fiye da kwana ɗaya ko biyu. Tafiya a hankali da komawa ƙananan ayyuka sun fi kwanciya saurin warkarwa. A jagorar da ta fitar a Disamba 2023 game da ciwon kwankwason da ya wuce wata uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa motsa jiki da ilmantar da maras lafiya da wasu hanyoyin gashin ƙashi, ta kuma yi hani ga dogaro da ɗamarar kwankwaso da magunguna irin su tramadol. Tsaga da sakiya a baya ba sa kai wa ga inda ciwon yake, sai dai su buɗe ƙofar wata cuta.

Gyaran aiki

A Jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta sa ma'aikatan gona noma da gajeriyar fartanya tun 1975, bayan likitoci sun ba da shaida a kan irin ɓarnar da take yi wa baya. Ba muna cewa a kwaikwayi wannan doka a nan ba. Tudun doya ba ya tasuwa sai da garma mai gajeriyar ƙota, kuma duk malamin da ya ce wa manomin Kwandere ya jefar da ita, ba za a sake zuwa taronsa ba. Amma cire ciyawa wani abu ne daban. Manoman Maraɗi da Damagaram suna nome gero a tsaye da hauya mai doguwar ƙota da ake turawa gaba, haka ma sungumi a tsaye ake shuka da shi a ƙasar Hausa. A gonar riɗi ko gyaɗa ko masara mai ƙasa sako-sako, fartanyar da ƙotarta ta kai ƙirjin mai ita tana yin aiki, kuma kowane maƙeri zai iya gyara kusurwar bakinta idan an nuna masa. A gwada a kunya goma tukuna, manomi ya ji bambancin a jikinsa. A kuma riƙa wasa baki. Dakusasshiyar garma sara biyu take nema a inda ɗaya ta isa.

Inda ake samun tarakta ko garmar shanu, doya na yi a kan manyan kunyoyi, musamman irin da ake samarwa ta hanyar yanka doya ƙanana, dabarar da cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da cibiyar IITA ta Ibadan suka yaɗa tun shekarun 1980. Rogo kuma ana iya tuge shi da doguwar sanda mai ƙarfi: a ɗaure gindin da igiya a jikin sandar, a kafa bakinta ɗaya a ƙasa, a ɗaga ɗaya bakin a tsaye. A sassauta ƙasar gefe da fartanya kafin a ja.

Sauran gyare-gyaren ba sa cin kuɗi. A fara aikin shekara da rabin yini na kwana uku ko huɗu kafin a shiga cikakke. Da asuba faifan baya na cike da ruwan da ya tsotsa cikin dare, ya fi saurin rauni idan an lanƙwasa shi, saboda haka tafiya zuwa gona a ƙasa da fara ranar da aiki maras nauyi sun fi a sauka daga babur a kama garma nan take. Duk bayan rabin sa'a a miƙe, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan karkata baya sau uku ko huɗu, a sha ruwa. A riƙa sauya hannu da ƙafar da ke gaba. Buhu a cika shi rabi a gona, a haɗa a rumbu ko a kasuwa. Idan dole ne a ɗaga cikakke, mutum biyu, a jawo shi jikin ƙafa tukuna, a juya da ƙafafu maimakon murɗa kwankwaso. Injin feshi a ɗora shi kan kututture ko ganga a cika, sannan a juya baya a saɓa da igiya biyu. Baro ɗaya tsakanin gidaje uku yana sauke wa mata da yara kaya masu yawa daga kai, kuma ƙungiyar manoma da ta iya sayen taki a dunƙule za ta iya sayen baro ko amalanke. Wurin tuyar gari da ɓarar gyaɗa a ɗaga murhu ko tebur ya kai ƙugu. Da dare matashi ɗaya matsakaici ya isa. Tara biyu ko uku na lanƙwasa wuya har safe.

Ga malaman gona

Ba a nemi malamin gona ya zama likita ba, kuma kada ya rubuta wa kowa magani. Abin da ke hannunsa shi ne ya fi ma'aikacin asibiti ganin manomi, kuma yana ganinsa da garma a hannu. A jadawalin ziyara na Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Nasarawa, minti goma a ƙarshen darasin doya ko rogo sun isa a nuna ɗaga buhu da saɓa injin feshi a aikace, a kuma karanto alamomin haɗari da harshen da mutanen wurin suka fi ji, Hausa ko Gwandara ko Eggon ko Alago. Taron mata a yi shi daban, da malama mace in akwai, domin maganar fitsari da mutuwar gaba ba za ta fito a gaban maza ba. Ya dace a gayyaci jami'in lafiya na asibitin shan magani mafi kusa, da maƙerin gari, da shugaban 'yan ƙwadago, domin su ne za su ci gaba da maganar bayan malami ya tafi. Lokacin da ya fi dacewa da wannan darasi a ƙasar Lafia shi ne watan Satumba, kafin a fara tayar da tudu, sai kuma a maimaita a Fabrairu kafin ruwan farko.